Ranar da Na Fasa Tulun Rediyona

Shekarun baya, lokacin farin nan na biyu da ya share dabbobin ƙasarmu, ni direba ne. Ina jan wata tsohuwar bashe, irin motar nan mai buɗaɗɗen baya da mutanen Najeriya ke ce wa a-kori-kura. Daga Cadawa garinmu nake tashi, in taɓa Gazawa, in juyo yamma har Gidan Rumji, duk inda kasuwa ke ci. Motar ba ta da abin nunawa. Ƙofar hagu da igiya nake ɗaure ta, batir kuwa sai ya ga dama, yawanci turi ke tashin ta. Amma akwai abu guda a cikinta da nake taƙama da shi fiye da yadda mai hankali zai yi, wato rediyona mai cin kaset.

Ku 'yan yanzu da kuke cika bayan mota da akwatunan sauti, kada ku ɗauka ku kuka fara wannan hauka. Ni tulu na samo, na ƙasa, na kifa lasifika a bakinsa, na liƙe gefen da tsumma da kwalta, na ajiye shi bayan kujera. Maɓallin da ke sa sauti ya yi kauri kuwa na murɗe shi har ƙarshe, na bar shi nan shekara biyu. In na sa kiɗa, ganga sai ka ji ta a cikin hanjinka. A tasha direbobi kan zagaye ni, ni kuma ina hura hanci ina cewa, duk mawaƙin da ya shigo motata sai muryarsa ta yi ƙiba. Wallahi da bakina nake faɗin haka, ina ganin yabo ne.

Shekarar ba ta kiɗa ba ce. Mata na jiƙa anza kwana da kwanaki don ɗacin ya fita a samu abin sa wa a baki. Gawo duk an sassare shi an ba dabbobi, ya tsaya tsirara. In na tuna yadda nake shiga ƙauyen da ba a ɗora tukunya ba, tuluna yana ruri, har yau kunya nake ji.

Ina da aboki mahauci a Gidan Rumji. Sana'arsa a lokacin ita ce ya sayi shanun da suka kusa faɗuwa, ya yanka, ya shanya naman. Ba mugu ba ne, shi ma bakuna goma sha wani abu ne ke jiran sa a gida. Wata safiya ya ce in kai shi wata ruga bayan Gidan Sori, akwai shanu uku da za mu kwaso. A hanya ya ba ni labarinsu. Mai shanun saurayi ne, ya kora garke ya yi kudu neman ciyawa, ya bar waɗannan ukun don gida su samu ɗan nono. Wata biyu da suka wuce labari ya zo cewa ya rasu a bakin wata rijiya, wanda ya kawo labarin ya ce ya ga malafarsa da sandarsa a kan kabarin. Matarsa ta shiga takaba. Baffansa, ƙanen mahaifinsa, shi ne babba a rugar yanzu, kuma ya yanke a sayar da ukun a sayi hatsi tun ba su zama mushe ba.

Mun isa da hantsi. Bukkoki biyar ne ko shida, da mutane ƙalilan, duk ido ya faɗa. Baffan dogo ne, ramamme, da rawani da sanda. Shi da abokina suka gama magana ba ja-in-ja, don ba shekarar ja-in-ja ba ce. Aka kama ta farko, wata jar saniya mai dogon ƙaho, aka ɗaure mata ƙafafu, aka sa itace aka ɗaga ta aka kwantar a bayan mota. Ko motsin kirki ba ta yi ba.

Ina tsaye ina goge hannu sai na ji an taɓa mini gwiwar hannu. Wata tsohuwa ce, 'yar ƙarama, mahaifiyar saurayin. Ta kwance bakin zanenta, ta fito da kaset.

"Ɗana," in ji ta, da Hausarta ta Fulani, "abin nan naka mai magana, yana cin wannan?"

Ashe kwana huɗu ke nan da wani mai goro ya kawo shi daga kudu, ya ce an ba shi ne a hannu ya kai rugar. A lokacin haka ake aika wasiƙa in ba a iya rubutu ba, mutum ya yi magana a kaset ya aiko. To rediyon rugar an daɗe da musanya shi da gero, na ƙauyen kusa kuma babu mai pil, wato batir, da zai sa masa. Kwana huɗu tana ɗaure da shi a zane. Kiɗan da na shigo da shi ne ya taso ta.

Baffa ya yi mata magana da Fillanci, da alama cewa yake ta bari. Ba ta ko dube shi ba. Ni kuwa abin nema ya samu, za a ji rediyona. Na ce, "Inna, kawo. Yau za ki ji abin da ba ki taɓa ji ba."

Na tura kaset, na ƙure murya. Mutanen rugar suka matso suka zagaye ƙofa. Sai wata murya ta fito, mai kauri, tana jan magana a hankali, kamar mutum yana magana daga cikin rijiya. Tulu na gurnani, ƙofa na karkarwa. Fillanci ne, ban ji komai ba, fuskokinsu nake kallo. Inna ta manna kunne a jikin ƙofa don jinta ya yi rauni. Baffa ya saurara na ɗan lokaci, sai ya ɗaga hannu ya ce in kashe.

Ya juyo ya yi mana bayani da Hausa. "Wai shi ne ɗanmu. Wai bai mutu ba, abokin tafiyarsa aka rufe, shi ya ara masa malafa. Wai ya samu ciyawa da ruwa a wani wuri, a kora masa shanun nan uku." Ya tofar da yawu. "Ɗanmu muryarsa siririya ce. A hannuna ya tashi. Wannan wani ƙaton dattijo ne."

Ya ce a rugar da ke gabas da su haka aka yi musu. Aka aiko da saƙo da sunan ɗansu, suka kora dabbobi zuwa inda aka ce, ɓarayi suka tare su a hanya, suka dawo da sanda kawai. Ya ce shi ba za a mai da shi wawa ba, yara na kwana da yunwa a bukkokin nan. Gaskiya ban ga laifinsa ba. Aka tambayi Inna, ta ɗago kai daga jikin ƙofa, ta ce ita ba ta iya cewa shi ne, ba ta kuma iya cewa ba shi ba ne. Yadda ta faɗi maganar, sai da na kau da kai.

Baffa ya ce a kamo saniya ta biyu.

A nan ne wata murya ta fito daga ƙofar bukka. Matar saurayin ce, mai takaba, tana zaune ta lulluɓe, ba ta ko matso ba.

"Direba," in ji ta, a hankali, "rediyon naka lafiyarsa ƙalau?"

Jama'a, in da mari ta yi mini da ya fi sauƙi. Rediyona? Wanda direbobin Maradi ke tsayawa saurare? In ba don tana takaba ba, da na gaya mata maganar da ba za ta manta ba. Na ce, "Baiwar Allah, duk ƙasar nan babu irinsa." Ta ce, "To." Wannan "to" ɗin ya fi tambayar ciwo.

Abokina ya ja ni gefe. "Kai, bar biye wa mata. Ka ga rana na ɗagawa. Saniyar can in ta daɗe a ɗaure cikin zafin nan cikinta kumbura zai yi, ko mu rasa ta a hanya. Mu ɗora sauran mu tahi."

Amma zuciya ta riga ta ɗebe ni, sai na wanke rediyona daga zargi. Akwai wani kaset da nake ajiye da shi a aljihun mota, naɗe cikin ƙyalle. Mahaifiyata ce ta yi mini shi lokacin da na yi zaman tuƙi a Najeriya, ta aiko mini. Na saurare shi sau ba adadi a rediyon gida, na haddace shi, amma ban taɓa sa shi a mota ba, don a ganina mota ta kiɗa ce. Na ce bari in sa muryar da na sani, kowa ya ji yadda take fita tas.

Na tura shi. Sai na ji wani namiji ya yi sallama, ya kira ni da sunan da mahaifiyata kaɗai ke kira na da shi.

Na daskare a kujera. Kalmomin nata ne, har tarin da take yi kafin ta fara magana, amma muryar ta wani gardi ce mai mura. Abokina, wanda ya san ta, ya sha furarta ba sau ɗaya ba, ya leƙo ta taga ya ce, "Wannan kuma wane ne, kawunka?" Kafin ya rufe baki shi ma ya gane. Muka dubi juna. Na kashe da sauri.

Ashe shekara biyu rediyona yana jan kaset a hankali fiye da ƙa'ida, tulu kuma yana ƙara dulmuye abin da ya rage. Ƙibar muryar da nake taƙama da ita ciwo ce.

Abokina ya sunkuyo, ya yi ƙasa da murya. "Babu wanda ya san muryar tsohuwarka a nan. Ka tada mota mu tahi. Ko da yaron ne ma, shanun nan ba za su kai kudu ba, kai ma ka sani. Aƙalla su samu hatsi."

Ba zan yi muku ƙarya ba, na yi shiru na ɗan lokaci, kuma ba shirun kirki ba ne. Ina tunanin man da na ƙona, ina tunanin abokina da iyalinsa, amma abin da ya fi nauyi a raina shi ne kunyar in buɗe baki a gaban matar nan in ce ta yi gaskiya. Ku ji fa abin da ke auna rayuwar mutane a zuciyata a ranar. Sai na hango Inna tana ƙoƙarin mayar da kaset ɗin bakin zanenta, ƙullin ya ƙi ƙulluwa.

Na fito. Na ce, "Baffa, a dakata. Wannan da kuka ji yanzu mahaifiyata ce. Mace ce, 'yar siririya kamar Inna. Rediyona ne ya mai da ta haka."

Abokina ya yi tsaki ya juya baya. Baffa ya daɗe yana kallo na. Ya ce, "Kana iya gyara shi?" Na ce zan gwada. Ya ɗaga kai ya dubi rana, ya dubi jar saniyar da ke kwance a mota. Ya ce, "In rana ta take tsaka ban ji ɗana ba, a ɗora sauran. Kuma in waccan ta mutu a ɗaure, kai ka kashe ta."

Na fara da tulu. Kwaltar da na liƙe bakin da ita ta bushe ta zama dutse, lasifikar ta ƙi fita. Na yi ta fama da turnabis, wato sukurdireba, lokaci na tafiya. Ƙarshe na sauko da shi ƙasa, na ɗauki ƙarfen taya na ba shi ɗaya. Tulun da na yi shekara biyu ina lallaɓawa a kan ramuka ya tarwatse a gaban jama'a. Na koma kan maɓallin kauri, shi ma ya cije a inda na bar shi, sai da na sa filaya na dawo da shi tsakiya.

Na mayar da kaset ɗin mahaifiyata, don yanzu ita ce ma'aunina. Gurnanin ya tafi, amma maganar a dushe take. Na leƙa cikin bakin rediyon, ɗan ƙarfen nan da zaren kaset ke gogawa a kansa ya yi baƙi ƙirin da dauɗa. Tunda na saye shi ban taɓa goge shi ba. Ana goge shi da abu mai saurin bushewa, ni kuwa ba ni da komai. Na san abokina ba ya rabuwa da 'yar kwalbar turare saboda ƙarnin sana'arsa. Na miƙa masa hannu. Ya harare ni, ya harari sama, sannan ya zaro ta ya jefo mini. Na yagi audugar kujera, na naɗa a tsinke, na goge. Sau uku ina canza auduga tana fitowa kamar an tsoma a kunun kanwa.

Maganar ta washe. Amma har yanzu a hankali take tafiya, har yanzu namiji ne. Batir ne, ba shi da ƙarfin juya kaset yadda ya kamata in inji ba ya aiki. Dole a tada mota, motar da sai an tura, tana cikin yashi, ga saniya a baya, ga mutanen da rabonsu da ƙoshi an manta. Maza huɗu suka sa kafaɗa. Ta motsa taku biyu ta tsaya. Suka sake, ta ƙi. Ɗaya daga cikinsu ya durƙushe yana haki. Na leƙo na dubi abokina, yana tsaye a gindin gawo ya harɗe hannu.

Na ce, "Don Allah."

Ya ce, "Kai dai Allah ya isa tsakanina da kai." Ya tuɓe riga ya zo ya sa kafaɗa. Mahauci ne, da sauran ƙarfinsa. Mota ta yi tari, ta yi tari, ta kama.

Muryar mahaifiyata ta ɗago, ta fara zama ta mace. Sai kuma wata matsalar: ƙarar inji ta rufe komai, ga Inna da raunin ji. Na zagaya baya, na fizge wayoyin fitilun baya duka biyu, na haɗa su, na ja lasifikar nesa da mota iyakar tsawonsu, na zaunar da ita cikin wata ƙwaryar nono da babu nono a cikinta. Na koma na zare rediyon daga mazauninsa, na buɗe murfin. A jikin ɗan injin da ke juya kaset akwai wani ƙaramin rami, makaniken da ya sayar mini ya taɓa nuna mini, ya ce nan ake daidaita gudu, ya kuma ce kada in taɓa. Na sa bakin turnabis na murɗa kaɗan. Mahaifiyata ta zama yarinya mai rawar kai. Na dawo baya, ta tsufa ta wuce shekarunta. Gumi na shiga mini ido. Na ƙara murɗawa kamar ƙwayar gero.

Sai ga ta. Daga cikin ƙwarya, can gindin gawo, mahaifiyata ta yi ɗan tarinta ta kira sunana, sak, kamar tana zaune a kan tabarmarta a Cadawa. Abokina ya ce a hankali, "Ita ce."

Inuwar gawo ta kusa shigewa ƙarƙashinsa. Jar saniya ta fara numfashi sama-sama, cikinta ya ɗan tasa. Na karɓi kaset ɗin Inna, na tura. Mutane suka bar mota suka koma suka zagaye ƙwarya. Aka ji iska, aka ji sallama, kalma uku ko huɗu, sai maganar ta lauye ta tsaya.

Duk direba ya san wannan ƙarar. Rediyo ya ci zare.

Na kashe, na jawo kaset a hankali, zaren ya biyo shi kamar hanjin kaza, sauran ya naɗe a jikin 'yar robar da ke jan sa. Na goge komai na manta da ita. Baffa ya tako ya tsaya a kaina, ina ganin inuwar sandarsa a kan cinyata. Ya ce, "Ka kashe shi?" Ni ma ban sani ba. In zaren nan ya tsinke ya cukurkuɗe, babu wani kaset ɗin, babu mai goro, babu komai. Na ɗauki tsinke na dinga zare shi sannu-sannu, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, har da wadda ba ta wurin ba. Ya fito a yamutse amma bai tsinke ba. Na shafe shi a kan gwiwata da yatsa, na sa bik, wato biro, na naɗe shi ya koma ciki, na goge robar da sauran turaren.

Na sake turawa.

Wurin da ya yamutse ya wuce da rawa-rawa, sannan murya ta fito. Siririya, ta saurayi, da ɗan sauri, iska na kaɗawa a bayanta. Matar da ke takaba ta miƙe tsaye a ƙofar bukka, mayafinta ya zame ba ta kula ba. Inna ta durƙusa ta kai kunne har bakin ƙwarya, leɓenta na motsi. Na dubi Baffa, fuskarsa ba ta canza ba. Ya saurara har maganar ta yi nisa, sannan ya ce da Hausa, don mu ji, "Ta yi kama da tasa. Amma wanda ya zauna da shi wata da watanni zai iya kwaikwayon sa."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na fasa tuluna, na lalata fituluna, na zubar da mutuncina a gaban mata, dattijon nan yana ce mini ta yi kama. Na buɗe baki zan yi magana, abokina ya dafa kafaɗata. Daga baya na gane tsoro ne ke cin Baffa. In ya yarda kuma ya zama ƙarya, shi ya kashe rugar da hannunsa.

Maganar ta ƙare. Kaset na ta juyawa, iska kawai ake ji. Na kai hannu zan kashe, sai saurayin ya ƙara faɗin wata gajeruwar magana, wadda daga baya aka fassara mini: wai a kai rediyon kusa da shanu, kada su manta da muryarsa. Sannan ya yi kira. Irin kiran nan na makiyaya, mai tsawo, da ke hawa ya karye ya sake hawa, kowane makiyayi da nasa.

Shanu biyun da ke ɗaure a turke suka ɗaga kai lokaci guda, kunnuwa a tsaye. Ɗaya ta ja igiya har turken ya motsa. Sai daga bayan motata, jar saniyar da tun hantsi ba ta ko kaɗa jela ba ta saki wani kuka, ta buga ƙaho a jikin ƙarfe, tana neman tashi da ƙafafu a ɗaure. Kiran ya sake fitowa, ta sake amsawa.

Baffa ya zare wuƙa daga kugunsa. Na ja da baya. Ya wuce ni, ya haye bayan mota da tsufansa, ya yanke igiyoyin. Muka taru muka sauko da ita, muka sa itace a ƙarƙashin cikinta muka ɗaga. Ta yi tangaɗi, ta durƙusa, muka sake ɗagawa. Ta tsaya. Ta taka a hankali, ta ratsa mutane, ta je ta sa hanci a cikin ƙwaryar tana shinshina lasifikata.

Baffa ya zauna a ƙasa, ya ja rawani ya rufe fuska. Kafaɗunsa na girgiza. Da ya samu magana, abin da ya ce kawai shi ne, "Shi ne."

Sau huɗu Inna ta sa na maimaita mata kaset ɗin kafin in kashe mota don mai. Mun koma wayam, ni da abokina. Sai da muka hango Gidan Rumji sannan ya ce, "Kai da tsohuwarka kun gama da ni yau. Kuma turarena sai ka nemo mini wani." Amma ai na gan shi lokacin da za mu taso, ya sauke buhun dusar da ya zo da shi ya jingina a jikin bukka, ya yi kamar ya manta.

Sun kora shanun kudu, suna tafiya da sanyin safiya da na yamma. Ɗaya ta faɗi a hanya, abokina bai yi ƙarya ba gaba ɗaya. Biyu sun isa, har da jar. Bayan damina ta dawo, wata rana ina ɗaure kaya a kasuwar Gidan Rumji, na ji wani a bayana yana tambayar ina direban da ya fasa tulu. Ban juya ba na san ko wane ne. Ban taɓa ganin fuskarsa ba, amma muryar na riga na san ta.

Ban sake sa lasifika a tulu ba. Na ci gaba da tuƙi shekaru masu yawa, na canza motoci, na canza rediyo, kuma duk wanda na saya, kafin in sa masa kiɗa sai na gwada shi da kaset ɗin mahaifiyata. In ta fito da muryarta, ya yi. In ya ƙara mata ko ya rage mata, komai tsadarsa a mayar. Abin da na koya a rugar nan ke nan: sauti mai kyau shi ne wanda zai kawo maka mutum yadda yake. Har yau in na tuna shirun da na yi a kujera bayan abokina ya ce mu tafi, gabana faɗuwa yake, don na san saura ƙiris in tada mota.

Mahaifiyata ta rasu da daɗewa. Ɗana ya sa an juye mini kaset ɗin a waya. Kwanan baya ya sayi mota, ya cika bayanta da akwatuna, ya zo yana yi mini taƙama irin wadda na sani. Na ce ya kashe kiɗan, ya sa wannan. Na sa shi ya yi ta rage kauri yana gunaguni, yana cewa Baba ka kashe daɗin, har sai da na ce ya tsaya nan. Ta yi ɗan tarinta, ta kira sunana, ta ce in riƙa cin abinci a kan lokaci, in bar gudu da mota, kuma in rage wannan kiɗan da ke hana ni jin maganar mutane.

Ɗana bai taɓa ganin ta ba. Da ta gama, ya ce in sake sa masa.